Bayan kuɗin sun shigo, ina ka kai abokin?

Ɗana, saƙonka ya same ni bayan sallar isha'i, kuma daga yadda ka rubuto na gane ranka ya ɗan sosu. Ka ce: "Baba, ka maido mini da littafina, ka rubuta a ƙarshen babi na shida cewa daga nan labarin ya mutu. To ai a nan ne yaron ya samu kuɗin, a nan nake jin labarin ya fara daɗi. Ina laifin yake?" Gara da ka tambaya, da ka haɗiye abin a ciki. A shago ƙarar injin buga takarda ba ta barinmu mu yi doguwar magana, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Babi biyar na farko hannunka ne, babu ko tantama. Samari biyu a Garin Malam, ɗaya yana ara wa ɗaya takalmi in zai je zance, ya raka shi, ya koma gefe kan dakali yana korar sauro har su gama hirarsu. Wannan ka gani da idonka, shi ya sa ni ma na gani. Da na kai wurin da igiyar takalmin ta tsinke a ƙofar gidan su yarinyar, abokin ya cire nasa ya miƙa masa ya koma gida ƙafa ba takalmi, sai da na ajiye takardun na ɗan yi shiru. Amma ina shiga babi na shida sai ga wani mutum da kwat da jaka, wai kawun yaron ya rasu a ƙasar waje ya bar masa naira miliyan ɗari biyar. Daga nan ban sake jin muryarka ba. Muryar littattafan da ka karanta nake ji.

Ban raina littattafan Kano ba, kada ka ɗauka haka. Tun da suka fara yaɗuwa a shekarun 1980, su ne suka koya wa da yawa daga cikinmu karatun Hausar boko, mu da aka yi wa lekol da Faransanci. Amma yaronka ɗan Damagaram ne, a aljihunsa dala (sefa biyar) ake ƙirgawa da jaka (sefa dubu). Me ya haɗa shi da naira miliyan ɗari biyar? Ka maida kuɗin sefa, ka rage su zuwa abin da hannu zai iya ɗauka, sannan ka zauna ka ƙirga. A ce miliyan 50 ne. Takardar da ta fi girma a wurinmu ita ce ta jaka goma, guda 100 ne ke cika miliyan ɗaya. Ke nan ɗauri 50, takarda 5,000. Yaro ɗan shekara 19 da ke kwana ɗaki ɗaya da ƙannensa uku, a ina zai ɓoye su daren farko? Zai iya barci? Uwarsa in ta gani, kafin ta yi murna tambaya ɗaya za ta yi masa, murya ƙasa-ƙasa: "Ina ka samo?" In shekara ta zagayo suna nan, zakka ɗaya bisa arba'in ce, miliyan 1 da jaka 250, kuma akwai dattijon da zai tuna masa. Duk wannan ka tsallake shi da layi biyu, ka ce washegari ya sayi mota da gida mai bene.

Ba na musun cewa dare ɗaya Allah kan yi bature. Mun ga haka a garin nan. A 2014 da labarin zinariyar Jado ya ɓarke, samari nawa ne suka sayar da babur, suka ci bashin kuɗin mota, suka bi ta Tanut zuwa Agadas suka nausa cikin sahara? Wasu sun dawo da abin da iyayensu ba su taɓa riƙewa ba, da yawa sun dawo da tari da bashi, wasu har yau ba a ji ɗuriyarsu ba, kuma a 2017 gwamnati ta rufe wurin. Akwai wanda ya dace da aiki a matatar mai da aka buɗe a 2011, akwai wanda gonar kakansa a bakin gari ta zama filayen gidaje, akwai wanda ya yi sa'ar lodin wake ko dabbobi ta Ɗan Barto, kan iyakarmu da Najeriya. Kowane kuɗi da irin warinsa. Na zinariya yana zuwa da tambayar wa ya biya kuɗin tafiya, su nawa suka haƙa ramin, yaya aka raba. Na gado yana zuwa da ƴan uba. Ka zaɓi wanda ka san kansa, domin hanyar da kuɗin suka bi suka shigo ita za ta ba ka rigimar rabin littafin, ba sai ka ƙirƙiro ta ba.

Amma duk wannan gyara ne na alƙalami, kwana biyu ya ishe ka. Abin da ya kashe labarin shi ne yadda ka yi da abokin.

Yaron da ya cire takalminsa a babi na uku, shi ne a babi na bakwai ka kai shi wurin boka, ka sa ya yi wa amininsa asiri, ya je ya kitsa wa budurwar ƙarya. Da wane dalili? Ka rubuta kalma ɗaya, hassada, ka wuce abinka. Na san abin da ya ja ka, domin ni ma na taɓa faɗawa ramin. A ɗaya daga littattafaina na farko haka na yi, kuma ya sayu. Bayan wata biyu wani tela ya tare ni a bakin Kasuwar Dole, ya gaishe ni da ladabi, ya ce: "Malam, abokin nan na cikin littafinka ni ne. Aminina ya yi arziki ya bar ni a kan keke. Amma wallahi ban taɓa taka ƙofar boka ba, kunya ce ta hana ni zuwa gidansa." Ban samu abin ce masa ba. Na gane na zalunci mutane da yawa da babi guda, kuma su ne suka fi yawa cikin masu sayen littafin.

Bari in ba ka abin da na gani da idona, ka auna da abin da ka rubuta. Akwai wata fada a bakin layinmu, samari bakwai ko takwas, tabarma da benci da ɗan murhun gawayi. Kullum da yamma karo-karo suke yi, wannan dala biyar, wancan dala goma, a sayo ganyen shayi da sukari. Mai dafawa ɗaya ne, wani siririn yaro mai hannun kumfa, in ya ɗaga buta sama yana tsiyayawa ko ɗigo ba ya zuba ƙasa. Amininsa ya tafi Jado, ya yi wata takwas, ya dawo da abin hannu. Bai yi girman kai ba ko kaɗan, ka riƙe wannan. Ranar da ya fito fada, da kwalin shayi ya zo da buhun sukari, ya ce daga yau babu mai sake cire ko dala. Aka yi shewa, aka yi masa addu'a. Ina zaune a ƙofar gida ina kallo. Da shayin farko ya nuna, mai dafawar ya zuba, ya miƙa wa aminin nasa kofin farko, da hannu biyu. A da shi yake ba na ƙarshe, yana zolayarsa wai bakinsa bai san shayi ba. Shi kuma ya karɓa, ya ɗan tsaya yana kallon kofin kafin ya kurɓa. A makon farko ana ce masa Alhaji ana dariya, a mako na biyu ana ce masa Alhaji babu mai dariya. Kafin wata ya ƙare mai dafa shayin ya daina fitowa, ya ce aiki ya yi masa yawa. Babu wanda ya zagi wani, babu wanda ya ci amanar wani. Dala biyar ɗin nan da yake cirewa ita ce ta ba shi bakin magana a kan tabarmar, aka ɗauke masa ita da kyakkyawar niyya.

Irin wannan nake nema a babi na bakwai. Mai kuɗin yana son abokinsa, abokin yana son sa, kuma duk da haka tabarma ɗaya ta gagare su. In ya ba shi kyauta, ya zama ubangida. In bai ba shi ba, gari ya ce ya manta da mafari. In ya ce zo ka riƙe mini shago, to yau wa zai ce wa wani ka makara? Shi kuma talakan, in ya je gidan sau uku a mako, ƙannen mai gidan sun fara kallon hannunsa in zai fita. In ya ɗauke ƙafa, a ce baƙin ciki yake yi. Ka bar masa ɗan kishi, mutum ne, zai ji wani abu ya soke shi ranar da motar ta wuce shi yana kan kabu-kabu. Amma ka sa ya ji kunyar kishin nasa, ya yi istigfari, ya ɗaga hannu ya gaisar. Mai karatu ɗan shekara 17 ya san wannan sukar, ko da a kan sabuwar waya ce da abokinsa ya riƙe. Ranar da ya gan ta a rubuce, ba zai ajiye littafinka ba.

Ka tuna kuma a wurinmu abokin saurayi yana da aiki a cikin soyayya. Shi ne ɗan rakiya, shi ke kai saƙo, shi ke ba da haƙuri in an yi faɗa, shi ne babban abokin ango ranar ɗaurin aure. To mota ta zo, ba a buƙatar aron takalmi, sababbin abokai masu shadda sun kewaye yaron. Wa zai zauna kusa da ango? Wannan tambayar kaɗai za ta riƙe maka babi huɗu.

Sai yarinyar. Ka mayar da ita ma'auni, tana jira a ga ko kuɗi take so ko mutum. An gaji da wannan gwajin, kuma ƴan matan da za su karanta ka sun fi kowa gajiya da shi. A babi na biyu ka ce tana shirin jarrabawar BAC ta kammala sakandare, tana tashi da asuba ta bi layin famfo da jarkoki a watan Afrilu, lokacin da ruwa ke gagarar unguwarsu. Ina wannan yarinyar ta shiga? Ka dawo da ita. Maimakon sarƙar gwal da ka sa ya kai mata, ka sa ya biya ɗan ga-ruwa ya riƙa sauke kura guda a gidansu kowace safiya. Toshin ɗan Damagaram ke nan, wanda ya san abin da ke cin ranta. Sannan ka bi abin da zai biyo baya: matan layin famfo sun lura ta daina zuwa, magana ta fara yawo, mahaifinta ya ce a mayar da ruwan domin bai karɓi gaisuwar kowa ba tukuna. Ita ce kuma za ta fara lura cewa abokin ya daina rakiya, ta tambaya, domin ta san wanda ya koma gida ba takalmi a daren nan. Kada ka sa ta faɗa son abokin don kawai a samu rikici. In zuciyarta za ta karkata, sai mai karatu ya riga ta ganin dalili.

Abu biyu na sana'a kafin in manta. Yawancin waɗanda za su bi labarin nan a waya za su same shi, shafi-shafi a WhatsApp, wasu kuma sai an karanta musu sun saurara. Saboda haka ka karanta kowane babi da ƙarfi kafin ka kawo mini. Duk inda numfashinka ya yanke kafin jimla ta ƙare, raba ta. Duk inda saurayi ya buɗe baki ya zubo kalaman da ba ka taɓa jin ɗan unguwarku ya faɗa ba, irin su tauraruwar zuciyata har layi goma, soke shi, ka bar masa abin da zai iya faɗa a tsaye a zaure alhali ƙanenta yana leƙe. Kuma ka rubuta abin da za ka iya karantawa a gaban innarka, domin ƴaƴan mutane ne za su karanta. Na biyu, ka tsaya a kan ƙa'idar rubutu ɗaya. A nan Nijar ƴ muke rubutawa, a Najeriya 'y suke sawa, kai kuma ka gauraya su a shafi guda. Ƙ da ɗ da ɓ ma kada ka yi musu ƙyuya, da ka rubuta ya kare a wurin ya ƙare ai ka san abin da ya fito.

Babi biyar na farko kada ka taɓa su, sai ƴan kurakuran da na zagaye da jan biro. Na shida zuwa na tara ka sake su daga tushe. Kafin ka ɗauki alƙalami, ka je fadar unguwarku ka zauna yamma uku, wayarka a aljihu, ka kalli wa ke biyan sukari da wa ake fara miƙa wa kofi. In ka gama ka kawo mini ranar Asabar bayan la'asar. Kada ka zo Alhamis, ranar kasuwa ce, masu katin aure da rasit ba za su bar mu mu zauna ba. Ka gaida mahaifinka, ka ce ina yi masa ya jiki.