Amsa ga mai tambaya kan Nikon L35AF: wane fim ya dace da ranar Sakkwato?

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ce ka tsinci Nikon L35AF cikin kayan mahaifinka, Allah Ya jiƙansa da rahama, kana tambayar ko za ta yi aiki da kuma fim ɗin da za ka sa mata don hotunan Sallah. Na daɗe ina riƙe da irinta, ga abin da na gani.

Kyamarar kirki ce. Nikon ta fitar da ita a 1983, ita ce ta farko cikin ƙananan kyamarorinsu masu saita nisa da kansu. Gilashinta 35mm ne, f/2.8 (ma'aunin iyakar buɗewarsa ga haske), kuma hotonsa na fita tar. Abin da ya fi burge ni da ita a nan garin shi ne batir: AA biyu take ci, wanda kowane mai shago ke da shi. Olympus mju-II da matasa ke rububi yanzu CR123A take buƙata, sai ka sha yawo kafin ka samu. Kafin ka kashe ko sisi a kan fim, buɗe ramin batir ka duba ko tsohon ya zube ya ci ƙarfen, ka kuma bi murfin a hankali domin robarsa ba ta da ƙwari. Sannan ka buɗe bayanta ka taɓa baƙin soson da ke gefen ƙofa. In ya narke yana manne wa yatsa, haske zai riƙa shiga yana yi wa hotuna jan zane, sai an kankare an sa sabo.

Fim kuwa, ɗauki mai lamba 200, Kodak Gold ko ColorPlus (lambar na nuna saurin fim wajen kama haske: mai 400 ya ninka mai 200). Na san a intanet kowa 400 yake faɗa, amma yawancin masu faɗar suna ƙasashen da hadari ke rufe sama rabin shekara. Saurin ƙiftawar wannan kyamara, wato buɗewa da rufewarta lokacin ɗauka, bai kai 1/500 na daƙiƙa ba, don haka da fim 400 a tsakiyar ranarmu ta riga ta kai iyakarta. 400 na da wurinsa, irin UltraMax, in hoton na cikin zaure ne ko bayan la'asar sakaliya, ko lokacin hunturu da hazo ya dusashe rana. Portra 400 yana fitar da launin fata da kyau ƙwarai, sai dai tsadarsa ba ta mai gwajin farko ba ce.

Ga inda nake so ka natsu. Ma'aunin hasken kyamarar bai san mutum ba, jimillar hasken da ke gabansa kawai yake aunawa. Ranar Sallah kuwa me ke gabansa? Farar shadda, farin rawani, farar ƙasa, ga rana tsaye. Sai ya ɗauka haske ya yi yawa ya rage, rigar ta fito sumul, fuskar mai ita kuma ta dulmuye cikin duhu, musamman ƙarƙashin rawani. Da yawa cikin tsofaffin hotunan gidajenmu haka suke, kuma abin yana min ciwo, domin fuskar ce ake nema bayan mai ita ya tafi. Sa'ar da ka yi, L35AF da hannu ake saita mata lambar fim, a zoben da ke kewaye da gilashin. Ka sa fim 200, ka saita ta a 100. Hasken da zai shiga ya ninka ke nan, kuma fim mai launi yana jure ƙarin haske fiye da ƙarancinsa. Ba sai ka ce wa mai wanki komai ba, ya wanke yadda ya saba. In rana na bayan mutum, akwai ɗan maɓalli a gefen gilashin da ke ƙara haske ninki huɗu muddin kana danne da shi. Mafi kyau dai ka janye mutum zuwa inuwar dogonyaro, ko ka ɗauka da safe kafin rana ta take.

Wajen saita nisa, ɗora alamar tsakiya kan fuska, ka danna maɓallin ɗauka rabi, ka gyara tsayuwar hoton, sannan ka ƙarasa. Kada ka matsa ƙasa da mita ɗaya, kada kuma ka ɗauka ta bayan gilashin mota. Dawaki a guje a ƙofar fadar Sarkin Musulmi sun fi ƙarfinta in kana kusa, jira su tsaya.

Zafi shi ne babban maƙiyin fim. Daga Maris zuwa Mayu muna wuce digiri 40, kuma fim ɗin da ya wuni cikin mota ko akwatin babur launinsa na gurɓata. Ajiye shi a firij cikin gwangwaninsa, in ka fito da shi ka bar shi na wasu sa'o'i sanyin ya sake shi kafin ka buɗe, don kada raɓa ta kama shi. Kada ka sayi wanda wa'adinsa ya wuce, komai arharsa, tunda ba ka san rumfar da ya kwana ba. Don ƙura, nemi gilashin kariya mai faɗin 46mm ka ɗaura a gaba, kuma ka daina goge idon kyamarar da gefen riga.

Sai wanki. Nemo mai yi tun kafin ka sayi fim. Ni Legas nake aikawa, su wanke su turo hotunan ta waya. Tambaye su ko suna yin C-41, shi ne tsarin wanke fim mai launi, ka kuma ce a dawo maka da negatif. In baƙi da fari kake sha'awa, Ilford XP2 da wannan tsarin ake wanke shi, ba kamar HP5 ba.

Kada fim ɗinka na farko ya zama na Sallah. Ƙarar da guda yanzu a gida da unguwa, rabi a 200 rabi a 100, ka aika. In sun dawo ka sa su a nan mu duba tare.