Abin da ya rage a cikin kaye

Ka tare ni jiya a bakin ƙofar maɗaba'a muna jiran wuta ta dawo, ka ce: "Maigida, shekarata huɗu ina rubuta wa mujalla, yanzu ina son in rubuta littafin labari yadda ka yi. In ajiye aikin ne in zauna masa, ko yaya zan yi?" Na ce ka bari tukun, don a lokacin hankalina na kan shafi na 12 da aka juya wa hoto. To ga amsar a rubuce, ɗana. In da baki na ba ka ita, rabinta a fadar shayi zai zube.

Kada ka ajiye. Ba a sakin reshe a kama ganye. Ɗauki bik ka yi lissafi da kanka. A ce ka samu gidan buga littattafai da ya karɓi aikinka bai nemi ko dala daga hannunka ba, wanda shi ma sa'a ce. Rabon marubuci ba ya cika wuce kashi 10 cikin 100 na kuɗin kwafi. Littafin jikka 5, wato sefa dubu biyar, a buga 500, a sayar da su duka: jikka 250 ke nan, ladan aikin shekara biyu. Ni nawa na farko da kuɗin aljihuna na buga shi, kuma mai yawa daga ciki kyauta ya tafi wurin abokai da surukai, waɗanda ke ganin rashin kunya ne in miƙa masu hannu.

Dubi waɗanda suka riga mu. Idé Oumarou da aikin jarida ya fara, littafinsa Gros Plan ya ci babbar kyautar adabin baƙar fatar Afirka a 1978, amma bai koma gida ya zauna jiran kuɗin littafi ba. Ya yi jakada, ya yi ministan harkokin wajen Nijar, daga 1985 zuwa 1989 shi ne babban sakataren Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Abubakar Imam ma ta ɗaya ƙofar ya bi: sai da ya gama Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce kana a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Ka ga ayyukan biyu sun daɗe suna kwana ɗaki ɗaya.

Ni kuwa zaman da kake sha'awa na taɓa yin shi, ba da son raina ba. Bayan fitowar jaridar Haske a 1990 da taron ƙasa na 1991, jaridu masu zaman kansu sun tsiro a Yamai kamar ciyawar farkon damina, a nan na shiga sana'ar. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Takarda daga waje take zuwa, tawada daga waje, mai talla ya janye jiki. Ƴar mujallar da nake ciki ta yi ta ɗingishi, ta faɗi. Na ce madalla, ga lokacin littafi ya samu. Wata bakwai ina zaune, shafin kirki goma ban haɗa ba. Da safe in buɗe kaye, littafin da nake rubutu a ciki, in tarar da mai gidan haya a ciki, in juya shafi in tarar da kuɗin cefane. Amma ko babu bashin, da ba zan rubuta komai ba, don a lokacin ba ni da abin faɗa. Sha'awar a kira ni marubuci kawai gare ni.

Abin faɗan sai a 2005 ya same ni, kuma aikin mujalla ne ya kai ni inda yake. Ka san shekarar: fara ta sauka a 2004, ruwa ya ɗauke da wuri, hatsi ya yi tsada, hukuma na cewa ƙarancin abinci ne ba yunwa ba. Aka tura ni yankin Adar. Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Tawa, daga nan na bi motar kasuwa zuwa wani ƙauye wajen Keita. Na tarar da wata mata a tsakar gida tana tsiyaye ruwan anza. Wanda bai taɓa ganin yunwa ba bai san anza ba: ƴaƴan wani ɗan itace ne masu ɗacin tsiya, sai an jiƙa su kwanaki ana zubar da ruwan ana sake wani kafin su ciwu. Na kunna rakoda, ta amsa mani abin da na tambaya. Ƴaƴa nawa, sau nawa ake ɗora tukunya, yaushe rumbu ya ƙare. Da na kashe, ta ce in shigo daga rana.

A ɗakin ne na ga jerenta. Kwanonin aure ne irin na fenti, a bisa katako hawa uku, amma tsakanin kwano da kwano akwai tazarar da hannu zai shige. Ta ga ina kallo, ta yi ƴar dariya. Ashe ɗaya bayan ɗaya take kai su kasuwa, kuma duk wanda ya fita sai ta sake rarraba sauran, don kada uwar mijinta ta shigo ta ga giɓi. Sannan ta rage murya ta tambaye ni, tunda daga Yamai nake, ko na taɓa ganin mijinta. Shayi yake sayarwa wajen kasuwar Katako, yana da wushirya, wata takwas ke nan babu aike babu saƙo.

Ka san yadda muke awo a aikin Faransanci: shafin aiki harufa 1500, layi 25, kowane layi 60. Shida aka ba ni. Matar ta samu layi huɗu: shekarunta, yawan ƴaƴanta, magana ɗaya a kan anza. Kwanonin na sa su, babban edita ya cire, kuma da gaskiyarsa, don rahoton na farashin hatsi ne da rabon agaji. Mijin ko sa shi ban yi ba. Me zan ce a kansa? Ban gan shi ba, ban ji ta bakinsa ba.

Sai ga shi na dawo Yamai ina ratsa Katako ba gaira ba dalili, ina duban bakin masu shayi. Ban same shi ba. Amma na fara tambayar kaina: in yana nan, me ya hana shi aike? Ya yi wani auren ne? Jari ne ya karye, kunya ta hana shi komawa hannu biyu? Da dare in ya kife kofuna, yana tuna kwanonin nan? Duk tambayoyin da ɗan jarida ba shi da izinin amsawa ne, domin mu dokarmu ita ce abin da ba ka gani ba, ba ka ji ba, ba ka tabbatar ba, ba ka rubuta shi. Marubucin labari kuwa daidai nan aikinsa yake farawa, sai ya shiga zuciyar mutumin da bai taɓa gani ba ya kwana a ciki. Ranar da na rubuta "ya ƙirga kuɗin sau uku, bai kai na mota ba", hannuna har rawa ya yi, kamar na yi ƙarya a gaban alƙali.

Shi ya sa da ka tambaye ni, abin da na so in tambaye ka shi ne: cikin abin da ka tara a kaye a shekara huɗun nan, akwai wanda ya ƙi barinka ka yi barci? Ba babban labarin da aka sa a bango nake nufi ba. Ragowar nake nufi, wadda aka yanke, ko wadda kai da kanka ka san ba ta buguwa.

Yanzu ga inda sana'armu za ta cuce ka. An hore mu mu zazzage komai a sakin layi na farko: wa, me, ina, yaushe, don me. Mai karanta mujalla yana iya ajiye ta kowane lokaci, shi ya sa muke ba shi naman tun a bakin ƙofa. A littafi in ka yi haka ka kashe kasuwarka, don abin da ka ɓoye shi ke jan mutum zuwa shafi na gaba. Sai ciwon bayani. Rubutuna na farko na kai wa wani tsohon malamin lakwal da nake jin kunyarsa, ya riƙe shi mako biyu, ya maido mani ya ce wannan ai rahoto ne na raɗa wa sunaye. Shafi wajen arba'in na ɓata a kan fara da ƴan kasuwar hatsi da yadda farashi ke hawa. Duk gaskiya ne, duk na zubar. Abin da ya tsira daga ciki layi biyu ne, inda matar ta miƙa kwano aka auna mata abin da bai cika tiya ba.

Akwai kuma gajeren numfashi. Hannuna ya saba da shafi shida, saboda haka kowane babi da ya kai nan sai in ga na ɗaure masa baki da ƴar magana mai daɗi, kamar gobe za a buga. Babi goma, rufewa goma. Na daɗe kafin in koyi barin babi a buɗe. Mutanena kuma duk magana suke kamar masu ba da sanarwa, jimla cikakkiya, ba tsaiko, ba kwana. Alhali ita matar Adaranci take yi, "tahi" da "hwaɗi", tana fara zance ta sake shi ta kama wani. Da Faransanci na rubuta littafin, can muryarta ta mutu, kuma har yau abin na ci mani rai. Kai da Hausarka ke da kyau, yi tunani a kan wannan tun kafin ka fara. Littattafan Kano sun daɗe suna shigowa kasuwannin Maraɗi da Damagaram da nan Yamai, yanzu ma a waya mata ke karanta su babi-babi. Masu karatu suna nan, mu ne muke rubutu muna kallon Faris.

Abin da mujalla ta ba ka kuwa kada ka raina shi. Kunne, da saurin ganin tazarar da ke tsakanin kwanoni. Rashin tausayin rubutunka in an zo yanka. Da sanin cewa ranar rufe shafi ba ta jiran sai ilhama ta sauko. Ni bayan sallar asuba nake zama, awa ɗaya da rabi, shafi biyu, kafin zafi ya taso yara su tashi. Wata goma sha huɗu haka, ina zuwa aiki kullum.

Abu ɗaya da zan ja maka kunne a kai: Yamai ƙaramin gari ne. Canja suna kaɗai ba ya ɓoye mutum. Wadda ta ba ka sirrinta bayan ka kashe rakoda amana ta ba ka, sai ka canja ƙauyen, ka canja yawan ƴaƴan, ka haɗa ta da wasu mata biyu har ita kanta in an karanta mata ta ce ta san mai irin wannan hali. Manya kuma in za ka taɓa su, dubi Amadou Ousmane, ɗan jarida ne shi ma. Littafinsa na 1977, 15 ans, ça suffit !, a kan karkatar da kayan agajin yunwa yake, shekara uku kacal bayan juyin mulkin 1974, amma ƙasar ƙirƙira ya ɗora labarin a kai. Kowa ya gane, ba wanda ya iya riƙe shi da hujja.

Ranar Alhamis bayan la'asar ka zo gida da tsofaffin kaye ɗinka duka, har waɗanda shayi ya zube wa, mu buɗe su tare. Kafin nan ina jiran rahotonka na ƴan kabu-kabu ranar Laraba da hantsi, shafi biyar, kuma adadin da ka sa a sakin layi na uku ban yarda da shi ba, koma ka sake tambaya.