Tambaya da Amsa: Kwamfuta za ta iya kunna kanta kafin a buɗe shago?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Mabera, cikin garin Sakkwato. Kwamfutata ta tebur, ƙirar Dell, tana daɗewa kafin ta gama tashi da safe, ga mutane tsaye da takardu a hannu. An ce ana iya sa mata lokaci ta kunna kanta. Da gaske ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da gaske ne, kuma ba sai ka sayi komai ba. A jikin babban allon da ke cikin akwatin kwamfuta, wato motherboard, akwai ɗan agogo da ba ya tsayawa ko an kashe ta, shi ake sa wa lokacin tashi. Ba a cikin Windows ake saita shi ba, sai a BIOS, wato saitin da ke fara aiki kafin Windows ta hau.

Kunna kwamfutar, da zarar tambarin Dell ya bayyana ka riƙa danna F2 har shafin ya buɗe. Fara duba kwanan wata da lokaci, ka tabbatar daidai suke. Sannan ka shiga Power Management, ka nemo Auto On Time. Kula da zaɓin ranaku: Weekdays na nufin Litinin zuwa Juma'a ne kawai, don haka in kana buɗewa ranar Asabar, ɗauki Select Days ka zaɓi ranakun da kanka. Sa awa da minti, ka danna Apply, ka fita. Masu HP su shiga BIOS da F10. Masu allon ASUS kuma su shiga da Del, su nemi Power On By RTC a ƙarƙashin APM Configuration. Kada ka jira sai gobe: sa mata minti biyar gaba, ka kashe ta, ka zauna ka gani da idonka.

Inda gizo ke saƙa a nan garin shi ne wuta. Ɗan batirin da ke kan allon, mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, ƙarfinsa volt 3, agogo da saiti kawai yake riƙewa, ba ya iya tayar da kwamfuta. Abin da ke tayar da ita 'yar wuta ce mai volt 5 da ke gudana a cikinta muddin tana jone da soket, ko da a kashe take. In ka kashe soket da daddare, ko aka ɗauke wuta a daidai mintin da ka sa, lokacin ya wuce ke nan, ba za ta rama ba in wuta ta dawo.

Akwai saiti na biyu da ke toshe wannan giɓin, Dell na kiransa AC Recovery. In ka mai da shi Power On, duk lokacin da wuta ta dawo kwamfutar za ta tashi. Amma ba mu ba ka shawarar kunna shi kana jone kai tsaye da bango. Wutar da ke zuwa tana ɗaukewa sau uku cikin minti goma za ta riƙa tayar da ita tana yanke ta tsakiyar aiki, abin da ke lalata fayilolin Windows ke nan, wani lokaci har da faifan ajiya. Sai da UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke, ko inbata a tsakani, ko aƙalla sitabilaiza mai jinkirta sakin wuta.

In ga wuta amma ta ƙi tashi, duba abu biyu. Kashe Deep Sleep Control a BIOS, wanda wasu alluna ke kira ErP, domin yana rage waccan 'yar wutar. Sannan a Windows ka shiga Control Panel, Power Options, ka cire alamar da ke kan Fast Startup. Idan kuma kullum sai ka tarar kwanan wata ya koma baya, batirin nan ya mutu. Canza shi, ka sake saitin daga farko.

In za ka sa lokacin tashi, rabin awa kafin isowarka ya isa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato na haura digiri 40, bai kamata na'ura ta daɗe tana aiki a rufaffen shago ba fanka ba.

Tambaya: Malam, tawa ba Windows ba ce a kai, Ubuntu ce. Na sa ƙarfe 7 na safe, amma sai ƙarfe 8 take tashi. Daga wata ɗaliba a Arkilla.

Amsa: Malama, ba abin da ya lalace. Ubuntu na ajiye agogon allo a kan lokacin duniya na UTC, Najeriya kuwa tana gaba da shi da awa ɗaya. Sa ƙarfe 6 a BIOS, za ta tashi ƙarfe 7 na agogon hannunki.