Tambaya da Amsa: Yaushe ne lokacin hawan igiyar ruwa a tafki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina karatu a wata ƙasa mai sanyi da ke arewacin duniya, kuma abokaina sun gayyace ni wasan nan da ake tsayawa a kan allo a bayan jirgin ruwa mai inji, mutum ya hau igiyar ruwan da jirgin ke tayarwa har ya saki igiyar da ke jan sa. Wasu sun ce mu fara a watan Mayu, wasu kuma sun ce mu jira. Wane lokaci ne ya fi dacewa? — Wani mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarata ita ce ka bi masu cewa a jira, domin a ƙasashe irin wadda kake ciki babu lokacin da ya kai daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba.

Dalili shi ne ruwa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da iska. Yana jinkirin ɗaukar zafi, yana kuma jinkirin sakin sa. A watan Mayu rana za ta iya dukan ka har ka yi gumi a bakin tafki, alhali ruwan bai gama rabuwa da sanyin hunturu ba. Idan zafinsa bai kai digiri 15 a ma'aunin Salshiyas ba, wanda ya faɗa ciki ba shiri yakan ja wani dogon numfashi ba da son ransa ba, kuma idan kansa na ƙarƙashin ruwa a wannan daƙiƙar, ruwa zai shaƙa. Wannan ne ya fi damu na game da kai, tunda sabon shiga yana faɗuwa sau da yawa, kuma kowace faɗuwa sai ya yi ta yawo a ruwa yana jiran jirgin ya kewayo. Wanda ya nace sai ya shiga da wuri, to ya sa rigar roba mai riƙe ɗumin jiki, ban da rigar ceto wadda ita dole ce a kowane wata.

Yuli yana da ɗumi, amma tafki kan cika da jirage, igiyar wannan ta rushe ta wancan. Da makarantu suka koma, cunkoso yakan ragu, ruwa kuwa yana nan da ɗuminsa. Ku fita da sassafe kafin iska ta taso, lokacin da fuskar tafki ke kwance luf kamar madubi, domin jirgin na tafiya ne a hankali, kilomita 16 zuwa 19 a sa'a, kuma ƙaramar iska ma tana ɓata siffar igiyar.

Sai dai ƙarshen lokacin zafi yana da nasa cikas. Ruwan madatsu kan ja baya, wasan kuma yana buƙatar zurfi. Jihar Bamont ta Amurka ma ta kafa doka a 2024 cewa sai inda zurfi ya kai ƙafa 20, kuma a nisanci gaɓa da ƙafa 500. A watannin ne kuma gansakuka mai guba ke yaɗuwa, don haka in ka ga ruwa ya yi kore shar kamar an zuba masa fenti, kada ka shiga.

Masu karatunmu da ke kudancin duniya su juya lissafin zuwa Fabrairu da Maris. Kai kuma, kafin ka taka allo, ka tabbatar farfelar jirgin tana can ƙarƙashin cikinsa, domin ba a yin wannan wasa a bayan jirgin da aka rataya wa inji a baya.