Filin Lafiyarku: Amsoshin Tambayoyi kan Ciwon Jiki da Tsamin Tsoka

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗan dako ne a kasuwar Tudun Hatsi, shekaruna 43. Tun da kaka ta shigo nake sauke buhunan masara da wake daga hantsi har la'asar, kuma kowane dare kafaɗuna da gadon bayana da cinyoyina sai su yi tsami. Kusan shekara biyu ke nan ina shan haɗi, ƙwayoyi biyar da mai kemis yake ƙulla mini a leda, na sha na ji garau. Yanzu kuwa in ban sha ba ko tashi ba na iya yi, ga zafin ciki ya same ni. Ko akwai haɗin da ya fi wannan ƙarfi? Daga mai karatu a Gombe.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah Ya sanya albarka a cikin nema. Akwai wanda ya fi shi ƙarfi, amma ba zan nuna maka shi ba, domin ina kyautata zaton cewa rabin abin da ke damunka a yau daga cikin ledar nan ya fito.

Tsamin jiki na aiki abu ne sananne. Idan tsoka ta yi aikin da ya fi wanda ta saba, zaruruwan da ke cikinta sukan samu ƙananan raunukan da ido ba ya gani, kuma sauke kaya a hankali ya fi ɗaga shi jawo wannan, tun da a lokacin tsokar tana miƙewa ne alhali tana riƙe da nauyi. Ciwon yakan fara bayan rabin yini ko yini guda, ya tsananta a rana ta biyu ko ta uku, sannan ya lafa da kansa kafin mako ya zagayo, tsokar kuma ta ƙara ƙwari. Saboda haka mutumin da ya shekara da shekaru yana dako bai kamata ya kwana da irin wannan ciwo kullum har shekara biyu ba, sai dai idan wani abu ya shiga tsakani.

Abin da aka saba samu a cikin haɗi shi ne farasitamol, da diklofenak ko ibuprofen (wani lokaci ma duka biyun tare, wanda kuskure ne babba), da ƙwayar sitiroyid irin wadda wasu ke sha don su yi ƙiba, a wasu wuraren kuma har da tiramadol. Diklofenak da danginsa suna cin bangon ciki har su kai ga gyambo, suna kuma gajiyar da ƙoda, musamman a jikin mai zufa da yawa wanda ba ya shan isasshen ruwa. Zafin cikin da ka ambata daga nan nake zarginsa, kuma idan ka taɓa ganin bayan gidanka ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, to jini ne ke zuba a ciki, kada ka kwana ba ka je asibiti ba. Ita sitiroyid tana kumbura fuska, tana tayar da hawan jini da sukari, tana rage ƙarfin ƙashi, kuma da daɗewa tana raunana tsokar cinya da ta kafaɗa, wato ainihin wuraren da kake cin abinci da su. Tiramadol kuwa jiki yana sabawa da shi, ranar da bai samu ba sai ya rama da ciwon gaɓɓai da hamma da zufa da rashin sukuni, mutum ya ɗauka gajiyar aiki ce ta dawo, ya sake komawa kemis.

Kada ka yanke shan haɗin dare ɗaya. Wanda ya daɗe a kan sitiroyid, jikinsa ya rage samar da tasa ta halitta, kuma tsayawa farat ɗaya na iya kayar da shi. Ka ɗauki ƙulli guda yadda aka ba ka shi, ka kai babban asibitin da ke kusa da kai ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, a duba ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, a auna hawan jininka da sukari da ƙoda da yawan jini, sannan a tsara maka yadda za a janye su sannu a hankali.

Na san cewa in na ce ka huta mako guda, magana ce ta mai albashi. Abin da zai yiwu shi ne ka sauya yadda kake aikin: ka durƙusa da gwiwoyi maimakon ka sunkuya da ƙugu, ka rungumo buhun kusa da jikinka, kada ka murɗa baya yana kanka, sai dai ka juya da ƙafafu. Ka riƙa shan ruwa har fitsarinka ya zama fari-fari. Da dare a gasa maka wurin da tsumma da ruwan ɗumi, a yi tausa da man kaɗanya ko man zafi, muddin babu rauni a fatar. In ciwon ya hana barci, farasitamol kaɗai ya wadatar, ƙwaya biyu masu miligiram 500, a bar aƙalla sa'a huɗu tsakani, kada a wuce ƙwaya takwas a yini da dare. Ranar da kuma ka yi aiki mai tsanani cikin rana ka ga fitsari ya koma kalar shayin da ba madara, tsokar ce ke narkewa cikin jini, kuma wannan yana iya tsayar da ƙoda cikin kwanaki kaɗan.

TAMBAYA: Likita, ni matar aure ce mai 'ya'ya shida, ina shayar da na ƙarshe. Ƙuguna da cinyoyina da ƙasusuwana suna ciwo kullum, har tashi daga tabarma ko daga sujada sai na dafa bango. An ce sanyi ne, na sha jiƙe-jiƙe, an yi mini allurai, amma shiru. Daga Azare, Jihar Bauchi.

AMSA: Sannu, Hajiya, Allah Ya ƙara sauƙi, Ya raya zuri'a. Kalmar sanyi a bakinmu babban buhu ce, an zuba mata ciwon mara da ciwon gaɓɓai da kasala duk wuri guda, shi ya sa ake ɗirka wa mata alluran kashe ƙwayoyin cuta a kan ciwon da babu ƙwayar cuta a cikinsa.

Yadda kika kwatanta, abu na farko da zan so a bincika shi ne ƙarancin bitamin D da sinadarin kalsiyam. Fata ce ke samar da wannan bitamin idan rana ta taɓa ta, kuma shi ke taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci. Mutum zai yi mamakin a ce ana rasa shi a ƙasa mai rana kamar tamu, amma macen da take yini a ɗaki, in za ta fita kuma ta rufe jikinta ruf, ga haihuwa kusa-kusa ga shayarwa, tana iya rasa shi sarai, kuma alamarsa ita ce ciwon ƙashi mai nauyi da raunin cinyoyi wajen miƙewa. Ba sai kin bar gida ba: zama a tsakar gida da hantsi, hannuwa da ƙafafu a buɗe, sau da dama a mako, yana taimakawa, haka nan kindirmo da ƙwai da zogale da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu. In gwaji ya tabbatar, akwai ƙwayoyin da ake rubutawa na wasu watanni.

A duba miki yawan jini kuma, da aikin ƙullin da ke gaban wuya, wanda kumburinsa ke zama maƙoƙo, domin idan ya yi rauni yana kawo ciwon tsoka da jin sanyi da nauyin jiki. Idan kuwa gaɓɓan yatsunki na hannu biyu suna kumbura, suna sandarewa da safe fiye da rabin sa'a, wannan amosanin gaɓɓai ne, kuma maganinsa daban.

TAMBAYA: Ƙanena yana fama da zazzaɓi da ciwon jiki kwana tara. Ya sha maganin maleriya sau biyu bai ji sauƙi ba, yanzu kuma maƙogwaronsa na ciwo yana amai. Me za mu ƙara masa? Daga ɗalibi a Toro, Jihar Bauchi.

AMSA: Ɗana, na aika maka da amsa tun ranar da saƙonka ya iso, ina maimaita ta ne a nan don amfanin sauran masu karatu. Kada a ƙara masa komai a gida, a kai shi asibiti yau. Gaskiya ne zazzaɓin cizon sauro da mura da taifot duk suna zuwa da ciwon jiki, domin sinadaran da jiki ke fitarwa wajen yaƙar cuta su ne ke sa tsoka ciwo. Amma zazzaɓin da ya ƙi jin ingantaccen maganin maleriya, ga ciwon maƙogwaro da amai, a Jihar Bauchi kuma da rani, dole a kawo zazzaɓin Lassa a rai. An fara gano cutar a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, kuma a alƙaluman NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, Bauchi na cikin jihohin da suka fi yawan masu kamuwa, tare da Ondo da Edo. Ana ɗaukarta daga abincin da fitsari ko kashin ɓera ya taɓa, ko daga jini da aman mai ciwon, kuma tana iya ɓoyewa a jiki har kwana 21 kafin ta bayyana.

Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen ko diklofenak, saboda suna ƙara haɗarin zubar jini. Mai jinyarsa ya zama mutum ɗaya, kada ya taɓa amai ko fitsari da hannu tsirara, ya riƙa wanke hannu da sabulu. Ku gaya wa ma'aikatan asibiti tun daga ƙofa cewa ya sha maganin maleriya sau biyu bai warke ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi yana da sashen kula da masu wannan cuta, kuma wanda aka kai da wuri ya fi samun damar tashi. Idan kuma wuyansa ya sandare har ba ya iya sunkuyar da kai, sanƙarau ake tsoro, shi ma ba ya jiran gobe.

TAMBAYA: Ni manomin shinkafa ne, na haura sittin. Cikin dare sai sha-raɓata ta ɗaure tamau har na farka da salati. Daga Dadin Kowa.

AMSA: Baba, barka da ƙoƙari. Wannan ɗaurewa ta yawaita ga manya da masu juna biyu da wanda ya yini a tsaye yana zufa. Idan ta kama ka, ka miƙe ƙafar sambal, ka jawo yatsun zuwa wajen ƙwaurinka, ko ka tashi ka taka a hankali, za ta saki cikin 'yan mintoci. Kafin ka kwanta ka dafa bango ka miƙar da sha-raɓar, kuma ka sha ruwa sosai a gona. Idan kana shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari, ko na rage kitsen jini, ka sanar da likitan da ya rubuta maka, domin dukansu suna iya taɓa tsoka, amma kada ka daina sha da kanka. Idan kuwa ƙafa ɗaya ce ta kumbura ta yi zafi, ciwon kuma bai saki ba har gari ya waye, kada a yi mata tausa, a je a duba ko jini ne ya daskare a jijiya.