Soja ya dawo daga yaƙi ya tarar duniya ta tsufa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, yayana ne ya ba ni wani littafin Turanci, The Forever War, na yaƙin mutane da wasu halittun sararin samaniya. Sojan ya yi 'yan shekaru a fagen daga, da ya dawo wai ɗaruruwan shekaru sun wuce a duniya. Wannan ba shaci-faɗi ba ne kuwa? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Halittun nan da littafin yake kira Taurans dai ƙirƙira ce, amma zancen lokacin nan kimiyya ce tsantsa, tun 1905 masanin kimiyya Einstein ya nuna cewa duk abin da gudunsa ya kusanci na haske, wato kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, to agogonsa tafiyar hawainiya yake in aka gwada da namu. Jirgin sararin samaniya, irin wanda sojan yake tafiya a ciki, in yana kashi 99 cikin 100 na gudun haske, shekara 1 a cikinsa kusan 7 ce a nan, in ya ƙara wuta tazarar sai ta haura nesa ba kusa ba.

Ni abin da ya fi taɓa min zuciya ma, marubucin Joe Haldeman soja ne da ya ji rauni a yaƙin Vietnam, ya fitar da littafin a 1974, kuma kina karantawa za ki gane labarin kansa yake bayarwa, mutum ya dawo gida Amurka ya ga mutane sun canja, maganarsu ta canja, shi ya zama baƙo a garinsu. Halittun ma sai can ƙarshe ake gano rashin fahimtar juna ne ya haddasa yaƙin, kash, na fa tona miki ƙarshen, ki yi haƙuri.