Ƙwayoyin ƙasa za su cinye kwal ɗin da ya shiga gonata?

Tambaya: An taɓa jibge kwal a gefen gonata. Wurin ya yi baƙi, ruwan da ke kwanciya a can kuma ja-ja-ja yake. Na ji an ce akwai ƙwayoyin halitta masu cin kwal. Gaskiya ne? Daga wani manomi a Kumo, Jihar Gombe.

Amsa: Malam, akwai su, amma kada ka zauna jiransu. A 1982 masana kimiyya Cohen da Gabriele sun nuna cewa naman gwarin da ke ruɓar da itace yana narkar da kwal mai laushi ya koma baƙin ruwa. Kwal ɗin da ake haƙa a Maiganga, kusa da Kumo, ma ba mai tauri ba ne. Sai dai a ɗakin bincike aka yi wancan. A gona, dunƙulen kwal zai shekara da shekaru yana nan. Kwashe shi da shebur tukuna.

Abin da bakteriya ke ci da gaske su ne ƙananan sinadaran da ke tare da kwal, waɗanda ƙirarsu zobe-zobe ce ta kabon. Bakteriyar Pseudomonas kan cusa oksijin cikin zoben naftalin, mai zobe 2, ta fasa shi, a ƙarshe ya zama ruwa da iskar kabon dayoksaid. Mai zobe 5 kuwa, irin benzo[a]pyrene da ke jawo kansa, ba ya narkewa a ruwa, ya manne wa ƙasa, don haka da ƙyar suke kai masa.

Jan ruwan nan ya fi damunmu. Galibi alama ce ta ƙibiritun da ke cikin kwal ya haɗu da iska da ruwa ya zama asid, dangin ruwan batir. Wata bakteriyar ce ma, Acidithiobacillus, ke hanzarta hakan, har pH, wato ma'aunin tsami, ya sauka zuwa 3. A irin wannan tsami ƙwayoyin da ke yi maka aiki ba sa rayuwa.

Saboda haka a auna ƙasar, a zuba farar ƙasa har pH ya kai 6 zuwa 8. Sannan ka sa kashin kaji ko takin shanu, ka riƙa juya ƙasar zurfin santimita 30 duk mako biyu don iska ta shiga. Laima ta zama idan ka dunƙula ƙasar ta riƙe, ba ta ɗiga. Ruwa ya kwanta, iska ta yanke, aiki ya tsaya. Ƙasa ta bushe ƙayau a watan Maris, haka nan.

Ƙarafa masu guba da kan zo tare da kwal dai ba ƙwayar da ke cinye su. Kada ka shuka alayyafo ko yakuwa a wurin sai an sake gwaji.